Sisin gwal ɗin Gwaggo

Bara bayan babbar Sallah Allah Ya yi wa Gwaggo rasuwa, yayar Babanmu ce, tun da na buɗe ido a ɗakinta na ganta nan cikin gari kusa da Ƙofar Soro, kuma a ɗakin ta cika. Allah Ya jiƙanta Ya sa ta huta, mu kuma Ya kyauta namu zuwan. Ba ta bar ɗa ba, mijinta ya riga ta da daɗewa, tau su Baba ne magada, da aka yi sadakar bakwai aka zo buɗe kaya sai Baba ya ce mani kai ne ɗan boko, ɗauko biro da takarda duk abin da aka fiddo ka rubuta.

Kaya dai irin na tsofaffinmu, kwalla da tasoshi da kumbuna da turamen atamfa waɗanda ko wajen tela ba a kai ba. Can ƙasan adaka aka ci karo da wani ƙullin tsumma, a kwance wannan a iske wani a ciki, har uku, sannan abin ya bayyana, sarƙa ɗaya da 'yan kunnenta, awarwaro biyu, sisin gwal guda uku, sai wasu manyan sulalla na azurfa guda huɗu da suka yi baƙi saboda daɗewa, da hoton wata mata mai jiki da mayafi bisa kai, a bayansu an rubuta 1780. Ɗakin ya yi tsit. Gwaggo fa ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta yi ta yi har ƙarfinta ya ƙare, da shi da adashi ta sauke farali, kuma duk wanda ya tashi gidanmu ya san maganarta in ta gan ka kana lissafin kuɗi, sai ta ce ɗan nan takarda ai takarda ce, gara ma cin ta take.

Washegari Baba ya ce ni da Yaya mu kai kayan wajen wani Alhaji mai gwal a babbar kasuwa a yi masu ƙima kafin malam ya zo rabo. Abin da na gani a shagon nan shi ya sa nike wannan rubutun.

Da sarƙa aka fara. Alhaji ya goga ta bisa baƙin dutsen nan nasu, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ɗan jira, ya ce Malam wannan karat 18 ce, karat kau shi ne ma'aunin tsarkin gwal. Yaya ya ce a'a Alhaji, ita mai ita kullum cewa take 21 ce. Aka sake gogawa ta wani gefe, aka kira maƙwabcinshi ya duba, shi ma ya ce 18. Sannan aka ce sai an cire nauyin duwatsun da ke jiki, maɗaurin kuma ba gwal ba ne, kuma kuɗin aiki da aka biya ranar saye wannan ya tafi ba ya dawowa. Wallahi mutumin nan bai cuce mu ba, haka kasuwar take, amma mun kusa awa guda ana ja-in-ja a kan sarƙa ɗaya. Da aka zo kan sisin gwal kau, ya ɗora ta farko bisa sikeli ta nuna giram 8 ba kaɗan, ya juya ta ya dubi bakinta, ya ce Malam wannan ba ta da magana, ya danna kalkuleta ya faɗi kuɗin. Ta biyu ma haka. Ta uku ce ya riƙe ya daɗe yana kallo, ya ce wannan gwal ce amma bugun maƙera ce irin wadda ake sayar wa alhazai, 21 ce, ba ta Ingila ba, sai na gwada. Aka koma dutse da ruwa, aka kuma rage mata kuɗi.

Muna tafiya gida bisa mashin ina ta juya abin a raina. Duk gwal ne fa, sarƙar da sisin, amma ɗaya sai an yi rantse-rantse ɗaya kau minti biyu an gama. Bambancin kawai shi ne akwai wata hukuma a wata ƙasa da ta buga tambarinta ta ce na ɗauki alkawari nauyin kaza ne, tsarkin kaza ne, kuma shekara ɗari biyu ba a kama ta da ƙarya ba, har ɗan kasuwa a Katsina da bai taɓa taka Landan ba ya yarda da ita ido rufe. Wato kuɗin da mutum ke ƙarawa bisa farashin gwal in zai sayi irin wannan tsaba, amanar yake saye.

Abin ya taɓa ni sosai don ni ma ina da nawa ciwon. Na yi shekaru ina tara 'yan kuɗi a banki da niyyar in sayi fili ta wajen bayan gari, duk wata in tsakura daga albashi in ajiye, ban taɓa ko sisi ba. A farkon watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin Fabrairun 2024 ya fita ta haura 1,500, a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Lambar da ke asusuna tana nan yadda take, ba wanda ya sace mani, amma filin ya yi ta nisa ina kallo, buhun siminti da na shinkafa suka tsere. Ita kau Gwaggo da ba ta taɓa shiga aji ba, abin da ta ƙulle a tsumma shekaru aru-aru ya fito da darajarshi har da ƙari.

Tun daga nan na shiga bin diddigin waɗannan tsabobi. Wadda muke ce ma sisin gwal ko fam, sunanta Sovereign, gidan buga kuɗi na Ingila ke buga ta a wannan siffa tun 1817, nauyinta giram 7.98, karat 22, zallar gwal ɗin da ke ciki giram 7.32. Gefe ɗaya kan sarki ko sarauniya, ɗaya gefen wani mutum bisa doki da takobi yana sarar wani dodon maciji, Yaya na gani ya ce ai ga Bayajidda nan bakin Kusugu. Saudiyya ma ta buga tata gini ta gwal a 1950 da nauyi iri ɗaya, shi ya sa har gobe in ka ce gini ko fam a kasuwar gwal, giram 8 ake nufi.

Amma wadda ta buɗe wannan kasuwa ta zamani a nan Afirka aka haife ta. Ranar 3 ga Yulin 1967 Afirka ta Kudu ta fara buga Krugerrand, dabarar kuma mai sauƙi ce, a zuba oza ɗaya cif ta gwal, wato giram 31.1, cikin tsaba ɗaya, kada a rubuta mata rand kaza, kuɗinta shi ne duk abin da oza ta kama a ranar. Gefe ɗaya Paul Kruger, wani tsohon shugaban fararen fata na can, ɗaya gefen wata irin barewa tasu. Lokacin su ne suka fi kowa haƙo gwal a duniya, suna neman hanyar da mai ƙaramin ƙarfi a Turai da Amurka zai saya ba sai ya ɗauki sanda guda ba, kuma abin ya karɓu har ya zama wajen 1980 kusan kashi 90 cikin ɗari na kasuwar tsabar gwal ta duniya ita ce. A shekarar ne ma suka fito da rabi da kwata da ɗaya bisa goma. Sai dai bani iya ambaton tsabar nan ban tuna cewa baƙaƙen fata ne ke shiga ramukan nan masu zurfi suna fiddo gwal ɗin a zamanin wariyar launin fata, ana biyansu abin da bai taka kara ya karya ba, ƙura na cinye masu huhu. Saboda wariyar ne ƙasashe suka juya mata baya, Amurka ta hana shigo da ita a 1985.

Wannan giɓi shi wasu suka cike. Kanada ta riga ta fito da Maple Leaf a 1979, mai ganyen nan da ke tutarsu, daga baya suka kai tsarkinta 99.99. Sin ta fito da Panda a 1982, Amurka ta fito da Eagle ta gwal da ta azurfa a 1986, Ingila ta ƙara da Britannia a 1987, Austiriya ta kawo Philharmonic mai hoton kayan kiɗa a 1989, Ostareliya na da mai hoton dabbar nan kangaru. Kanada har ta taɓa buga wata mai kilo 100 a 2007, ɓarayi suka sace guda ɗaya daga wani gidan tarihi a Balin ta Jamus a 2017.

Akwai abu biyu da ke rikita mutane, ni ma sun rikita ni da farko. Na ɗaya in ka ga Eagle ta Amurka an rubuta mata dala 50, ko Britannia an rubuta fam 100, kada ka ɗauka kuɗinta kenan, wannan lamba doka ce kawai ta sa aka rubuta don ta zama kuɗin ƙasa, ainihin farashin na bin gwal ɗin da ke ciki ne da ɗan ƙari na bugu da ribar dillali, kuma ƙarin ya fi yawa a ƙananan, wato kwata huɗu sun fi oza ɗaya tsada. Na biyu maganar 22 da 24. Mu nan mun saba jin cewa 24 ta fi 22, tau a sarƙa haka ne, amma Krugerrand duk da 22 ce gwal ɗin cikinta oza ɗaya ne cikakke, jan ƙarfe aka ƙara a kai don ta yi tauri kada ta riƙa lotsewa, shi ya sa nauyinta ya kai giram 33.93 kuma take da ɗan ja-ja. Maple Leaf kau zalla ce, giram 31.1, laushi gare ta, ko faɗuwa ta yi sai ta yi tabo. Gwal ɗin ciki dai ɗaya ne.

Su kuma manyan azurfar nan huɗu, Baba ya ce shi ma tun yana yaro yake ganinsu wajen kakarsu, riyal suke ce masu, wasu su ce liyar. Matar da ke jiki Mariya Tereza ce, sarauniyar Austiriya, a 1780 ta rasu, amma saboda yadda 'yan kasuwar Larabawa da Habasha da na ƙasashenmu suka yarda da kuɗin nata sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba a canzawa, har yau gidan buga kuɗi na Austiriya na buga shi kuma 1780 ɗin ce a jiki. Saboda haka wanda ya ga 1780 kada ya ɗauka lallai a shekarar aka yi shi. Nauyinshi giram 28 da ɗan ɗori, kashi 83.3 cikin ɗari azurfa. Ta sahara ya riƙa shigo mana bisa raƙuma, Baturen nan Barth da ake ce ma Abdulkarim, wanda ya ratso ta Katsina a 1851, ya iske a Kano ana canza guda ɗaya a kan wuri 2,500. Ka duba fa, kakanninmu ba su san matar nan ba, ba su jin harshen da aka yi rubutun, amma sun san in fatake sun kai shi Agadas ko Gat ko Makka za a karɓa. Haka sulen Turawa na farko da aka fara bugo wa Afirka ta Yamma a 1913 azurfa ne, a 1920 aka mayar da shi na tagulla, kuma maƙeran fari sun narkar da da yawa sun yi zobba da mundaye.

Kuma in an duba da kyau, mu Musulmi wannan abu namu ne tun asali. Da dinari da dirhami shari'a ta auna mana kusan komai. Dinari giram 4.25 na gwal, dirhami giram 2.975 na azurfa. Nisabin zakka dinari 20, wato giram 85, ko dirhami 200, wato giram 595. Diyyar rai dinari 1,000. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu ta Malikiyya rubu'u dinar ko dirhami 3. Zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da dinarin Rumawa da dirhamin Farisa ake ciniki, sai a shekara ta 77 bayan hijira Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarin da babu hoton kowa a jiki sai kalmar shahada da ayoyi. Yau duk wata sai ka ga ana yawo da takarda a WhatsApp, nisabin zakka naira kaza, sadaki naira kaza, diyya naira kaza, wata mai zuwa lambar ta canza. Dinarin na nan inda yake, nairar ce ke zamewa. Mun je ɗaurin aure sau nawa muka ji waliyyi ya ce an ba da ita bisa sadaki rubu'u dinar, kuma duk cikin taron nan babu wanda ya taɓa riƙe rubu'u dinar a hannunshi? Giram 1 ne da ɗan kaɗan. 'Yan'uwanmu na Barno sun fi mu riƙe wannan, har yanzu da sisin gwal ake yanka sadaki a gidaje da yawa, kuma yarinyar da aka ba sadakinta gwal in ta daure ta ajiye, bayan shekara goma tana da abinta, wadda aka ba takarda kau ko katifa ba zai saya mata ba.

Kada wani ya ce wannan sai ƙasashen Turawa. Zimbabuwe da kuɗinta ya taɓa zama abin tausayi ta fito da tsabar gwal a Yulin 2022 mai suna Mosi-oa-Tunya, oza ɗaya karat 22, don mutane su samu wajen ajiya su rage wawason dala. Kuskuren da suka yi da farko shi ne oza guda ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba, sai daga baya suka kawo ƙanana. Gana nan kusa da mu, babban bankinsu ya ƙaddamar da tasu a Satumbar 2024, oza da rabi da kwata, tsarki 99.99, da gwal ɗin ƙasarsu, kuma da kuɗinsu sidi ake saye ta hannun bankuna.

Mu fa? Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Gwal na nan kwance a Zamfara da Kebbi da Neja da Kaduna da Osun, har nan dazukanmu na yamma ana tono. Muna da kamfanin buga kuɗi na ƙasa tun 1963. A Yulin 2020 aka kai wa marigayi shugaba Buhari, ɗan Daura, sandar gwal mai kilo 12.5 da aka tace daga hannun ƙananan masu haƙa, Babban Banki ya saye ta naira miliyan 268, muka gani a talabijin muka ji daɗi. Amma ni malamin makaranta ko mai ƙuli irin Gwaggo, ina ruwanmu da sanda mai kilo 12.5 da ke kulle a Abuja? Har yau bani iya shiga banki a kan titin Kano in ce a ba ni giram 4 mai tambarin Najeriya. Abin da ke faruwa shi ne yaranmu su shiga rami su fiddo, a bi da shi ta ɓarauniyar hanya a kai Dubai, a tace, a ƙera, a dawo mana da shi sarƙa mu saya da kuɗin aiki da kuɗin jirgi. Abin da ake bar mana shi ne ramuka da makoki. Ban manta 2010 ba, da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana daka dutsen gwal cikin gidaje inda ake daka hatsi, kuma kowa ya san yadda maganar ma'adinai ta cakuɗe da ta 'yan bindiga har gwamnati ta dakatar da haƙa a Zamfara a 2019. Duk gwal ɗin da za a buga mana tsaba da shi dole a san ramin da ya fito da wanda ya haƙo da abin da aka biya shi, in ba haka ba mun maimaita abin da muke zargin Afirka ta Kudu da shi.

Wani abin da ya ƙara sa nike ganin buƙatar ta kai, shi ne bankinmu na gargajiya ya rushe. Da can mutumin Batsari ko Safana ko Jibiya in ya sayar da amfanin gona sai ya sayi ɗan maraƙi ya ba Bafillatani kiwo, mace ta sayi tunkiya, in buƙata ta taso a kai kasuwar Charanchi ko Mai'aduwa. Satar shanu ta kashe wannan, yanzu dabba a ƙauye kiran ɓarawo ce. Hatsi a rumbu ana ƙonawa. Kaya a shago, mun ga abin da gobara ta yi wa babbar kasuwa a 2021. Kuɗi a gida, mun ga canjin kuɗi na farkon 2023 da tsofaffi suka riƙa kwana layin banki da tsofaffin takardu a leda. Mutanenmu da yawa kuma ba su son asusun da ke ba da ruwa saboda tsoron riba, kuma suna da gaskiya. Tau ina za su kai guminsu? Mai hali ya sayi dala a Wapa ko sefa a Maraɗi, wato mu ɗauki arzikinmu mu jingina da takardar wata ƙasa.

Abin da nike roƙo ba mai yawa ba ne. A buga mana tsaba daidai aljihunmu kuma daidai ma'aunin da muka sani, dinari giram 4.25, rabinshi, da rubu'inshi don sadaki, sannan dirhamin azurfa don mai kayan miya da ɗan acaɓa su ma su iya sayen ɗaya duk wata. Kada a sa hoton kowane shugaba, a sa tambarin ƙasa da nauyi da tsarki da boko da ajami, in ana son ado ga hasumiyar Gobarau ga dutsen Zuma. Abu mafi girma kuma, a riƙa sanar da farashin saye da na sayarwa kullum a rediyo, kuma bankin da ya sayar maka ya zama dole ya karɓa in ka maido, a biya ka nan take. In babu wannan sharaɗin na ƙarshe, an koma gidan jiya, dutse da ruwan gwaji da rantsuwa. Na san abin da wasu za su ce, wai a ƙasar nan wa zai yarda ba za a rage giram ko a ƙara tagulla ba? Tambaya ce mai nauyi kuma ni ma tana damuna. Abin da ke kwantar mani da hankali shi ne gwal ba ya ɓoye ƙarya, duk Alhajin da ke da sikeli da dutse a kasuwa alƙali ne, ranar da aka kama guda ɗaya ta gaza labari zai kai Legas kafin la'asar, masu bugun sun san haka.

Kafin nan, wanda ke da niyyar sayen na waje ya ji waɗannan daga bakina don kada a ce na zuga shi. Gwal na faɗuwa. A Janairun 1980 oza ta kai dala 850, ta gangaro har ƙasa da 300 wajen 1999, ba ta sake ganin 850 ba sai 2008, wanda ya saya a saman nan ya yi jiran shekara 28. A 2011 ta kai wajen 1,900, ƙarshen 2015 ta dawo kusa da 1,050. Gaskiya ne ta wuce 2,000 a 2020, ta wuce 3,000 a Maris na 2025, ta wuce 4,000 a Oktoban 2025, amma wanda zai saya yau don ya sayar bayan Sallah caca yake da kuɗin cefane. Azurfa ta ma fi saurin hawa da sauka. Sannan gwal ba ya haihuwa kamar akuya, ba ya kawo haya kamar shago, kuma in ya kai nisabi ya shekara sai ka fidda ɗaya bisa arba'in, Krugerrand uku sun haura nisabi, sisin gwal kau goma sha biyu. Malamanmu na hana sayen gwal bashi ko biya kaɗan-kaɗan, hannu da hannu ne, ka ba da kuɗi ka karɓi abinka a zama ɗaya. Jabu kuma na nan, akwai wani ƙarfe tangistin da nauyinshi ya yi kusan daidai da na gwal, sai a lulluɓe shi da ruwan gwal, don haka a auna nauyi a auna faɗi da kauri, a kanga mayen ƙarfe, a karɓi rasit, kuma duk wanda ya tare ka a tasha ko ya turo maka hoto a Facebook da farashi ƙasa da kasuwa ka yi ta kanka. Na ƙarshe shi ne baki. A halin da muke ciki, wanda ya ajiye gwal a gida ko matarshi ta biyu bai kamata ta ji ba balle majalisa, amma ya rubuta wasiyya ya ba amintacce ɗaya, don Gwaggo da ba a kwance tsumman nan har na uku ba da tuni an ba almajirai shi cikin tsofaffin kaya.

Da malam ya zo aka yi rabo, aka sayar da sarƙar da awarwaron da sisin ukun aka ba kowa haƙƙinshi. Riyal ɗin huɗu suka faɗo a kason Baba, na ce Baba don Allah a sayar mani da guda, ya ce haba kai kau, ɗauki, na ce a'a sai dai in biya, ya karɓa ya sa mani albarka. Na wanke ta da toka da lemun tsami ta yi fari tas. Ɗiyata ta fari, wadda ke aji huɗu, ta ɗauka tana juyawa ta ce Abba wace ce wannan, na ce wata sarauniya ce ta can ƙasar Turawa, kakar kakarki ma ta riƙe ta. Ta ce tau ina tamu ta Najeriya? Na ce ba a buga ba tukuna. Ta ce in an buga ka sayo mani mai hoton Gobarau, na ce in sha Allahu. Na nemi wani tsumma cikin na Gwaggo na ƙulle ta, na sa a ƙasan akwatin uwarta.